Ɓerayen Fadamar Haɗeja: Yadda Damina da Ambaliya Ke Yanke Hukuncin Yawansu

A watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, akan ga masu ƙidayar tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru. Su shiga kwalekwale, madubin hangen nesa a wuya, su bi tafkunan Baturiya da Dagona da Nguru suna rubuta adadin dinya da kirinjijiya da agwagin da suka gudo daga sanyin Turai. Aikin ya samu gindin zama ne bayan an kafa shirin kare dausayin a 1987, kuma shi ya fitar da sunan yankin a duniya, har Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona a 1989. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, Baturiya da Dagona suka bi sahu a 2008, sannan a 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin wurin da ake kula da halittunsa na musamman.

A ƙarƙashin ciyawar da masu ƙidayar ke takawa kuwa akwai wata halitta da ta fi duk waɗannan tsuntsaye kusa da tukunyar manomi, amma ba a cika tuna ta ba sai ta gama ɓarna. Ɓera ke nan. Manomin shinkafa a Auyo ko Guri ko Kirikasamma ya san shekarar ɓera in ta zo. Zai shiga gona da safe ya tarar da tsakiyar fili ta yi sanƙo, kara a yanke a zube, gefe kuwa lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne, irin wannan shekara tana aiko da saƙo watanni kafin ta iso, kuma saƙon yana cikin ruwan sama da ambaliya.

Ba duk ɓera ne ɓera ɗaya ba

A bakin mutane duk ɓera ne, wasu su ce kusu. A wurin mai bincike kuwa bambancin yana da muhimmanci, domin kowanne da lokacinsa da wurin kwanansa. Biyu ne suka fi addabar gonakin fadama a wannan yanki na Sahel. Na farko shi ne ɓeran ciyawa, wanda masana ke kira Arvicanthis niloticus. Da rana yake yawo, musamman da hantsi da la'asar, yana son ciyawa mai duhu kusa da ruwa, kuma yakan fitar da 'yan hanyoyi a cikinta waɗanda duk mai lura zai gane. Na biyu shi ne Mastomys natalensis, ɓera mai nonuwa da yawa, wanda macensa kan kai nonuwa 24. Wannan ɗan dare ne, ba ya kuma bambanta gona da gida: yau yana gindin dami, gobe yana cikin rumbu.

Gyazbi ma mazaunin bakin ruwa ne, gwanin iyo, mai yanka kara ya tara tsibi-tsibi a inda ya ci. Sai dai cikinsa yakan kai wata biyar kuma 'ya'yansa ba su da yawa, don haka ba ya yin irin ambaliyar da ƙananan ɓeraye ke yi. Haka gafiya. Ita kam a wasu ƙasashe har aiki ta samu: a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya ƙungiyar APOPO tana horar da danginta su shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa, sun yi aiki a Mozambik da Angola da Kambodiya, suna kuma gano tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya. Jaɓa kuwa, wadda ake haɗa ta da ɓera a kashe, ba ma danginsa ba ce. Ƙwari take ci, kashe ta asara ce ga manomi.

Lissafin da ke cikin rami

Macen Mastomys tana ɗaukar ciki na kimanin mako uku, ta haifi 'ya'ya wajen goma, wani lokaci fiye. Tana iya sake ɗaukar wani cikin tana kan shayarwa. 'Ya'yan kuma, in abinci ya wadata, sukan balaga cikin wata biyu zuwa uku. Duk sirrin yana cikin wannan wata biyu zuwa ukun. Idan lokacin haihuwa gajere ne, iyaye kaɗai ke haihuwa, 'ya'yan ba su kai ga balaga ba rani ya shigo, abinci ya yanke, yawancinsu su mutu. Idan kuwa lokacin ya ƙaru da wata ɗaya ko biyu, 'ya'yan fari su ma sai su shiga sahun masu haihuwa tare da iyayensu, kafin a ankara jikoki sun fito. Daga nan lissafi ya tashi daga tarawa ya koma ninkawa.

Me ke buɗe lokacin haihuwar, me ke rufe shi? Abinci, musamman ɗanyen tsiro da sabuwar ƙwaya. Ɓeran daji ba ya haihuwa duk shekara yadda ake zato. A yankin da ruwan shekara bai wuce milimita 600 ko makamancin haka ba, kuma kusan dukkansa ke sauka tsakanin Yuni da Satumba, haihuwa takan fara ne bayan ciyawa ta tsiro, ta yi ƙarfi daga tsakiyar damina zuwa kaka lokacin da ƙwaya ta nuna. Yawan ɓeraye yakan kai ƙololuwa bayan girbi. Daga nan sai gangara: ciyawa ta bushe, dabbobi su cinye ta ko wuta ta lashe ta, mafaka ta ƙare, shirwa da shaho da mujiya da macizai su yi ta ɗiba. Zuwa bazara saura 'yan kaɗan ne, su ne irin baɗi. Wannan yunwar rani ita ce linzamin da ya daɗe yana riƙe da ɓera a ƙasar Hausa.

Tarihin Sahel ya nuna abin da ke faruwa in linzamin ya tsinke. Bayan farin farkon shekarun 1970, damina ta dawo da kyau, sai ga annobar ɓeraye a 1975 da 1976, wadda masu bincike na Faransa suka bi diddiginta a arewacin Senegal. An maimaita haka bayan farin 1984: a 1986 da 1987 ɓeraye suka mamaye gonaki daga Senegal har Sudan. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne, fari yakan rage ɓera amma yakan rage masu cinsa ma. In ruwa ya dawo, ɓera kan farfaɗo cikin watanni, mujiya da maciji kuwa sai sun ɗauki shekaru. A tsakanin nan fili ya zama nasa. Ga kuma ƙwayar ciyawa da ta yi ta jira a ƙasa, ta tsiro gaba ɗaya.

A Tanzaniya an kai ga mayar da wannan sani hasashe. Herwig Leirs na Jami'ar Antwerp a Beljiyam, tare da abokan aikinsa na Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro, sun shafe shekaru suna kama ɓeraye a fili ɗaya kowane wata. A 1996 suka wallafa cewa idan ƙaramar damina ta ƙarshen shekara ta zo da ruwa mai yawa, ɓeraye kan fara haihuwa da wuri, kuma akwai haɗarin annoba a lokacin shukar masara mai zuwa. Ma'ana, mai duba ma'aunin ruwan sama a Disamba zai iya gargaɗin manomi tun kafin ya zuba iri.

Wani zai ce ai Morogoro damina biyu gare ta, mu ɗaya gare mu. Gaskiya ne a kan tudu. A fadamar Haɗeja kuwa, a ganina, mun daɗe da yi wa kanmu damina ta biyu da hannunmu.

Kogin da ya daina bushewa

Kogin Haɗeja haɗakar kogin Kano ne da na Challawa. In ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu, wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, sauran su nufi gabas su haɗu da ruwan Jama'are a wajen Gashuwa, inda Komadugu Yobe ke kama hanyar tafkin Chadi. A da kogi ne mai lokaci: ya cika a Agusta da Satumba, ya malale fadama, ya janye, da rani kuma yashi ya bayyana a wurare da dama. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, da shingen ruwa na aikin ban-ruwan kwarin Haɗeja, duk ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sun sauya wannan tsari. Babbar ambaliyar shekara-shekara ta ragu a yawancin shekaru, amma ruwa ya riƙa gudana har da rani.

Alherin wannan a bayyane yake. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa da tattasai na noman rani sun sa Jigawa cikin manyan jihohin abinci, kuma ba mai hankalin da zai ce a koma gidan jiya. Sai dai manomi ba shi kaɗai ya amfana ba. Gonar alkama kore shar a Janairu, shinkafar rani mai ciki a Afrilu, gaɓar kanal mai laushin haƙa da ciyawa a kanta: duk abin da ɓera ke rasawa da rani ga shi an shimfiɗa masa. A kwarin kogin Senegal, inda aka daɗe ana noman shinkafa da ban-ruwa, an ga lokacin haihuwar ɓeraye ya fi tsawo a filayen ban-ruwa fiye da na daji, kuma yankin ya sake fuskantar mummunar annoba a 2020 da 2021.

Sai kuma ciyawar kacalla. Ruwan da ba ya ɗaukewa shi ya ba ta damar mamaye mashigai da gonaki a dausayin nan, har ta toshe hanyoyin ruwa ta karkatar da shi inda ba a so. An fi saninta da zama maɓoyar jan baki, tsuntsun da akan tayar da jirgin sama a yi wa feshi. Bakin kacalla, inda ruwa ya haɗu da busasshiyar ƙasa, mafaka ce ga ɓera ma, wadda shaho ba ya iya kutsawa, kuma sau da yawa taku kaɗan ne tsakaninta da gona.

Ambaliya ita kanta fuska biyu gare ta. In ta zo da ƙarfi, kamar yadda aka gani a Jigawa a 2020 da kuma 2022, takan cika ramuka ta kashe jariran da ba su buɗe ido ba, yawan ɓeraye ya faɗi ƙasa warwas. Manyan da suka tsira kuwa sukan haye tudu: jingar da aka yi don tare ruwa, gefen titi, da garuruwan da jama'a suka tattara kayansu da ragowar hatsinsu. Wannan ne ya sa mutane ke ganin kamar ambaliya ta kawo ɓera, alhali tara shi ta yi wuri ɗaya. Babban abin lura yana zuwa ne daga baya. Ruwa ya janye, ƙasa na riƙe da danshi har cikin hunturu, ciyawa na ta tsirowa, ga hatsin da ruwa ya kwantar ba a girbe ba. 'Yan tsirarun da suka rage sun samu abinci ba abokin takara. Shekarar da ta biyo bayan babbar ambaliya ita ce ta fi cancantar a sa ido.

Yadda ake ƙirga abin da ba a gani

A Birtaniya akwai wani ɓeran ruwa, Arvicola amphibius, mai haƙa rami a gaɓar rafi. Su can kuka suke da ƙarancinsa, domin yawansa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a ƙarni na 20, saboda lalacewar gaɓar koguna da kuma wata dabba mai farauta da aka shigo da ita daga Amurka don fatarta. Tun 2015 wata ƙungiyar kare dabbobi take tura 'yan sa-kai tsakanin tsakiyar Afrilu da tsakiyar Yuni, kowa ya bi gaɓa mai tsawon mita 500. Ba lallai su ga dabbar ba. Alamunta suke rubutawa: bakin rami, ciyawar da aka yanka a karkace, da tarin kashin da mata ke ajiyewa don shata iyaka a lokacin haihuwa. Manufarsu ceto ce, tamu kariyar amfanin gona, amma dabarar ɗaya ce, kuma ba ta buƙatar digiri: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, hanya ɗaya, kowace shekara.

Masu bincike na da tarkonsu na musamman, ɗan akwatin gwangwani da ake kira Sherman, mai kama ɓera da rai. Akan jera su a fili da tazara daidai, a sa tunkuzar gyaɗa da garin masara, a bar su dare uku a jere kowane wata. Duk wanda aka kama a auna nauyinsa, a duba mace ce ko namiji, tana da ciki ko tana shayarwa, a yi masa alama a sake shi. Yawan masu alama da suka sake faɗawa tarko shi ke nuna kimanin yawan da ke filin. Amma abin da ya fi adadin amfani shi ne yanayin matan. In aka fara samun masu ciki a watan da ba a saba ba, ko aka ga ƙananan mata 'yan bana da ciki, to an ga annoba tun tana jaririya.

Akwai hanyoyin da ba sa cin kuɗi. A zaɓi gaɓar kanal ko kunyar gona mai tsawon da aka sani, a toshe duk ramukan da ke kanta da ƙasa da yamma, da safe a ƙirga waɗanda aka buɗe. A shafa toka ko garin gawayi a kan 'yan faranti a ajiye a hanyarsu, a ga nawa ne suka kwana da sawu. A shiga gonar shinkafa a ƙirga karan da aka yanka a cikin tushe ɗari. Ko kuma a kafa tarko na gida guda ɗari, a rubuta nawa suka kama a dare ɗaya. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai. Lambar wannan wata kusa da ta watan jiya da ta bara war haka, kusa kuma da ranar da ruwan farko ya sauka da ranar da ambaliya ta janye, ita ce ke magana. Yaran da ke haƙar gafiya da masu gadin gona sun san ramin da ke da rai da wanda aka bari tun daga nesa. Littafi da biro kawai suka rasa, da wanda zai karɓi abin da suka rubuta.

Daga gona zuwa asibiti

Maganar ba ta tsaya a buhun shinkafa ba. Mastomys natalensis shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Ɓeran ba ya ciwo, amma yana zubar da ƙwayar a fitsari da kashinsa, mutum ya ɗauka ta abincin da ya gurɓata ko ƙurar ɗaki. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na nuna cutar ta fi tsananta da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, kuma Bauchi, maƙwabciyar Jigawa, tana cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa. Lokacin ya yi daidai da sa'ar da ɓeraye suka kai ƙololuwar yawa, daji ya bushe, hatsi ya koma gida. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shanyar shinkafa da barkono a gefen titi har dare, buhuna jingine da bango a ɗakin kwana, rumbu ba murfin kirki, duk gayyata ce. Don haka littafin ƙidayar da zai amfani malamin gona, shi ne zai amfani jami'in lafiya na ƙaramar hukuma.

Abin da aka saba yi in ɓarna ta bayyana shi ne a ruga kasuwa a sayo gubar da ake kira shinkafar ɓera. Wannan magani ne na makara. A lokacin da ido ya ga ɓarna, ɓerayen sun riga sun ninka, kuma gonar da aka kashe na cikinta takan cika da na maƙwabta cikin kwanaki. Ga haɗarin da gubar ke da shi ga yara da kaji da awaki, ga kashe kyanwa da mujiyar da suka ci mushen. Lokacin da ya dace a yi yaƙin shi ne ƙarshen rani, suna 'yan kaɗan, sun taru a sanannun wurare, ba su fara haihuwa ba. Kashe mace ɗaya a Mayu ya fi kashe ashirin a Oktoba sauƙi da arha. Kuma aikin gayya ne: a share ciyawar gaɓar kanal tare, a haƙe ramuka tare, a yi shuka kusan lokaci ɗaya a girbe kusan lokaci ɗaya, don kada ɓera ya riƙa ƙaura daga gonar da aka yanke zuwa wadda ke ciki.

Manoman shinkafa a Indonesiya da Biyetnam suna da wata dabara da ta dace da filayen ban-ruwa irin na Auyo. Sukan shuka ɗan fili mako biyu ko uku kafin kowa, su kewaye shi da shingen leda, su bar 'yan ƙofofi da tarko a bayan kowace. Ɓerayen kewaye su yi ta tururuwa zuwa shinkafar da ta riga nuna, su faɗa tarko, kuma adadin da ake kwashewa kullum shi kansa ƙidaya ce. A Malesiya da Isra'ila da Jodan kuwa akwatuna ake kafa wa mujiya a gonaki don ta yi sheƙa. Na san wannan zai yi wa wasu nauyi a ƙasar da ake jifan mujiya in ta sauka a kan katanga. Amma camfi bai taɓa cika rumbu ba, tsuntsuwar kuma kusan ba ta da abinci sai ɓera.

Kayan aikin duk suna nan kusa. Hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar lura da ruwa ta ƙasa, NIHSA, na fitar da na ambaliya, hukumar kogunan ta san ranar da take sakin ruwa da yawansa. Akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da kwalejin Binyaminu Usman a cikin Haɗeja, da Jami'ar Tarayya a Dutse, cike da ɗaliban da ke neman abin bincike kowace shekara. Hukumar raya noma ta Jigawa, JARDA, na da malaman gona a ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na da shugabanni a kowane sashe na ban-ruwa, masarautar Haɗeja kuma na da hakimai da dagatai da sarakunan noma da ake jin maganarsu.

Kira ga Ma'aikatar Gona ta Jihar Jigawa shi ne ta zaɓi 'yan wurare tsayayyu a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, wasu a filin ban-ruwa, wasu a bakin kacalla, wasu a tudu, ta ɗora wa ɗalibai da malaman gona ƙirga ramuka da duba matan ɓeraye sau ɗaya a wata, a riƙa karanta sakamakon a rediyo tare da hasashen ruwa. Manomin da ke karanta wannan kuwa ba sai ya jira gwamnati ba: ya auna taku ɗari a gaɓar gonarsa, ya toshe ramukan yau da yamma, gobe da safe ya ƙirga, ya rubuta da kwanan wata.